Firamaren gari, ta ƙauye ko Islamiyya: ina ya kamata a kai yaro?

Duk shekara idan Satumba ta kama, gero ya nuna ana shirin girbi, magidanta a ƙauyukan ƙasar Gumel sukan shiga shawara iri ɗaya. Yaro ya cika shekara shida, ina za a sa shi? Ga firamaren ƙauye nan bayan gari, ko daga zaure ana jin ƙararrawarta. Ga babbar firamare ta hedikwatar ƙaramar hukuma ko garin kasuwa, wadda aka fi kira santaral, tafiyar kilomita huɗu ko biyar. Ga Islamiyyar da mutanen gari suka gina da guminsu, gwamnati ta yi mata rajista ta turo malamai. Idan mutum a ruga yake, akwai ta huɗu, makarantar 'ya'yan makiyaya. A hukumance babu wadda ake biyan kuɗin makaranta a cikinsu in dai ta gwamnati ce, tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Amma abin da yaro zai fito da shi daga kowacce ya bambanta ƙwarai. Na daɗe ina zama a kwamitin makarantar garinmu, kuma abin da na fi gani shi ne iyaye suna yanke hukunci da abin da ido ya fara gani, shi kuwa sau da yawa ba shi ne ma'auni ba.

Abin da ya fi korar mutane daga santaral shi ne cunkoso, kuma ba ƙage aka yi mata ba. Leƙa aji ɗaya da misalin ƙarfe tara na safe. Takalma jibge a bakin ƙofa. Benci ko dai babu, ko an ture su jikin bango don ba za su ɗauki yaran ba. Kowa a ƙasa, gwiwar wannan na gugar bayan wancan, har gindin allo, malama ba ta da wurin taka ƙafa sai wani ɗan siririn fili. Kiran suna kaɗai ya isa ya cinye darasin farko. Idan ta nuna allo ta ce "ba, be, bi, bo, bu", aji ya ɗauka gaba ɗaya har rufin kwano na amsawa, mai wucewa a hanya sai ya ce karatu ya kankama. To amma na gaba ne ke ganin abin da aka nuna. Na tsakiya yana bin muryar na gaba, na baya kuwa bakin 'yan'uwansa yake kallo. Yaro mai kunya zai iya shekara guda a wannan ɗaki malama ba ta taɓa riƙe littafinsa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A ajin farko na garin kasuwa, a iske ninki biyu ko uku na wannan ba abin mamaki ba ne.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙauyukan kewaye duk nan suke turo 'ya'yansu. Iskar farkon damina takan yaye rufin aji, gyara ya yi jinkiri, sai a haɗe aji biyu a ɗaki guda. 'Yan mata suna zuwa da ƙannensu da ba su isa shiga ba, saboda uwa tana aiki a gida. Shirin ciyarwa da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, wanda ya shafi aji ɗaya zuwa uku, ya cika ƙananan azuzuwa da yara ba tare da an ƙara ɗakuna daidai da su ba, kuma ko da shirin ya yi ta tsayawa yana tashi, sunayen suna nan a rajista. Sai dai a lura da abu guda: cunkoson a ƙananan azuzuwa yake. Yayin da ake hawa sama yana raguwa, domin wasu sun tafi almajiranci, wasu talla ta janye su, wasu iyayensu sun mayar da su makarantar kuɗi. Aji biyar da shida na santaral sau da yawa ajin arziki ne, kowa da wurin zamansa.

Firamaren ƙauye kuma idan ka shiga sai ka ji sanyi a ranka. Fili, iska, inuwar darbejiya, yara talatin ko arba'in a ɗaki. Nan ne mutane ke ruɗuwa. Cunkoso ba da yawan kawuna a ɗaki ake auna shi ba, da yawan yaran da ke kan malami ɗaya da ya zo aiki ranar nan ake auna shi. A ce makaranta tana da yara 240 a azuzuwa shida, kowane aji arba'in, ga shi daidai wa daida. Amma idan malamai uku ne har da hedimasta, ɗaya kuma ya tafi ofishin sakataren ilimi kai takarda, to mutum biyu ne a kan yara 240. A ce kuma santaral tana da yara 1,200 da malamai 30. Ɗakunanta sun cika maƙil, amma kowane aji akwai babba a tsaye a gabansa daga safe har tashi. Wace ce ta fi cunkoso a nan?

Na ga yadda ake yi a irin wannan makaranta. Malam ya rubuta wa aji huɗu lissafi a allo, ya ce wa monita ya rubuta sunan masu surutu, ya tsallaka aji biyu ya ba su waƙar ƙirge, daga nan ya leƙa 'yan aji shida da ke shirin jarrabawa. Kafin ya dawo aji huɗu an buga tara, rabin yaran sun tafi gida shan ruwa, wasunsu sai gobe. Ba lalaci ne ya yi masa yawa ba. Mutum ɗaya ne aka ɗora wa aikin mutum uku.

Me ya sa malamai ke taruwa a gari? Mafi yawan masu takardar shaidar malanta ta NCE a gari suke zaune, malamai mata kuma aure ya ɗaure su a can, ba za a tura su ƙauyen da sai an yi awa guda a kan babur cikin yashi ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, malamin da ke tasowa daga Gumel ko Maigatari kullum yana ƙona wani babban kaso na albashinsa a tanki, saboda haka wasu suka koma karɓa-karɓa a tsakaninsu, wannan ya zo yau, wancan gobe. Shirin J-Teach na ɗaukar malaman wucin-gadi da gwamnatin Jigawa ta kawo ya ƙara hannu a makarantu da dama, kuma inda aka ɗauki ɗan garin aka bar shi a garinsu an ga amfaninsa sosai. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace nauyi game da firamaren ƙauye ita ce: malamai nawa ne ke kwana a garin? Idan akwai biyu ko uku da ke sallar asuba a masallacin garin, wannan makaranta tana da rai. Idan duk daga nesa suke zuwa, ranar da aka yi ruwa babu karatu, ranar Juma'a ma kusan haka.

Kada kuma a dogara da rajista. Adadin da ke littafi dabam, wanda ke zaune a aji dabam. A yankinmu ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci, makarantun ƙauyukan kewaye sukan yi fayau, manyan yara sun bi dabbobi, 'yan mata sun ɗauki talla. Wajen Taura haka abin yake, sai dai su Allah ya taimake su kasuwar Gujungu ranar Lahadi take ci. Da kaka kuma ga roron wake, ga yankan riɗi, ga cirar zoɓo da ke kaiwa har cikin sanyi, duk a zangon farko na shekarar karatu. Wannan ya fi taɓa makarantar ƙauye. Malami ba zai iya ci gaba da darasi da kashi ɗaya cikin uku na aji ba, sai ya yi ta maimaitawa, kuma ɗanka da bai yi fashi ba shi ma ya tsaya cik tare da su.

Sai maganar cuɗanya, wato da wa yaro zai zauna. A nan santaral ba ta da abokiyar gasa. Jigawa ba Hausawa zalla ba ce kamar yadda na nesa ke zato. Akwai Fulani ko'ina, akwai Mangawa a arewa maso gabas wajen Birniwa da Malam Madori, Badawa a Guri, Warjawa a ƙasar Birnin Kudu. A garin kan iyaka irin Maigatari ƙara da Buzaye da mutanen Damagaram, da fatake daga kudu da suka zo sayen dabbobi suka zauna, da 'ya'yan ƙananan ma'aikata da aiki ya kawo. Yaron da ya tashi a irin wannan aji kunnensa ya saba da harshen da ba nasa ba, ya san akwai mai suna da ba irin na gidansu ba, ya ga ɗan mahauci da ɗan malamin asibiti suna rubutu a allo ɗaya. Yana kuma samun gasa. A ƙauye ɗanka zai iya yin na ɗaya shekara shida a jere ba tare da ya taɓa haɗuwa da wanda ya fi shi ba, sai ya je ƙaramar sakandare ya gane inda yake, kuma wasu daga nan gwiwarsu ke sanyi.

Amma a rage wa zancen gishiri. Cuɗanyar santaral ta ragu a kan ta da, domin masu ɗan hali da manyan ma'aikata sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, har da wasu daga cikin malaman da ke koyarwa a cikinta. Sannan taro ba shi ne zumunci ba. Yaron ƙauye da ya shigo gari yakan sha tsokana kan shigarsa da yadda yake magana, kuma a cikin yara ɗari babu malamin da zai lura an ware shi.

Firamaren ƙauye a ido dangi ɗaya ne, ɗan wa da ɗan ƙane. Duk da haka tana da wata cuɗanya guda da nake ganin ta fi kowace tsada a wurinmu, wato ta ɗan manomi da ɗan makiyayi. Kowa ya san yadda zukata ke ɗaukar zafi da kaka idan shanu suka shiga gona. Inda yaran ruga ke zuwa firamaren ƙauye, iyayensu sukan haɗu a taron makaranta, arɗo da mai unguwa su zauna tabarma ɗaya kan maganar da ba ta ɓarna ba. Wahalar tana kan ɗan Fulani a shekarar farko, musamman wanda ya taso da Fulatanci kaɗai: malam yana bayani da Hausa, littafi yana Turanci, shi kuma yana fama da biyun. Malami mai haƙuri yakan zaunar da shi kusa da wani babba daga rugarsu, kuma kafin shekara ta zagayo an wuce wurin.

Makarantar 'ya'yan makiyaya, wadda ta samo asali daga hukumar da aka kafa a 1989, an yi ta ne don ta kawar da wannan wahala, ta kai karatu bakin ruga. Cunkoso babu. Matsalarta ita ce ta firamaren ƙauye amma ta fi tsanani: malamai kaɗan, sau da yawa ba sa jin Fulatanci, wuri da nisa, masu duba makarantu ba sa yawan zuwa. Ga iyalin da ke tashi da rani, ita ce kaɗai mafita. Ga waɗanda suka zauna wuri ɗaya, idan firamaren ƙauye ba ta fi tafiyar rabin awa ba, ni zan fi son yaro ya je can.

Game da jin cewa makaranta tamu ce, a nan ƙauye da Islamiyya suka yi wa santaral nisa. A santaral hedimasta ba zai iya sanin iyayen yara dubu ba. Ka je da ƙorafi, za a karɓe ka da mutunci, a ce "Alhaji, in sha Allahu za mu duba", kuma da gaske ake nufi, amma kafin ka kai bakin ƙofa wasu uku sun shigo da nasu. A ƙauye kuwa yaro bai isa ya yi fashi a ɓoye ba. Malam zai tare uban a bakin masallaci bayan magariba: "Malam Sani, yau ban ga mutumina ba, lafiya dai?" Uban ya ce, "Wallahi Malam, kiwo na tura shi, wansa ba ya jin daɗi." Malam ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Gobe dai a taimaka a sako mana shi, mun fara rabawa." Wannan 'yar magana ta minti ɗaya ita ce ke riƙe yara da yawa a makaranta, kuma babu irinta a gari.

Sai dai kusanci yana da nasa ciwon. Idan malamin da ba ya zuwa aiki surukin dagaci ne, wa zai kai ƙararsa? Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, ana gudun ɓacin zumunci. Nan ne kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, ke nuna ko yana da amfani ko suna ne kawai. Tsarinsa ya tanadi wakilin masarauta, da malaman addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai, har da yara. Jigawa da Kano suna cikin jihohi shida da shirin inganta ilimi na ESSPIN, da tallafin Birtaniya, ya horar da irin waɗannan kwamitoci daga 2008, kuma har yau ana gane garuruwan da abin ya kama. Alamarsa a fili take: tuƙa-tuƙar makaranta tana aiki, an toshe ramukan daɓe, ban-ɗaki yana da ƙofa, mata suna magana a taro ana saurare, kuma an taɓa tashi takanas a je wurin sakataren ilimi neman ƙarin malami. Kwamitin da ba ya zama sai an ce ga baƙi daga Dutse, wannan a lissafa shi babu.

Islamiyya ita ce ta fi kowace samun zuciyar jama'a, domin su suka yi bulo, su suka yi rufi, kuma liman yana ambatonta a masallaci. Iyayen da ba za su bar 'ya mace ta je firamare ba sukan sake ta nan ba gardama, fashi kuma kaɗan ne. Saboda wannan farin jini ita ma takan cika, wani lokaci fiye da santaral, ga ɗakunan ƙanana. Abin dubawa a nan shi ne rabon lokaci da malamai. Idan masu Alƙur'ani da Larabci biyar ne, mai lissafi da Turanci ɗaya, yarinya za ta fito da tilawa mai kyau da tarbiyya, amma jarrabawar shiga sakandare ta ba ta wuya. A tambaya ƙarara: malaman boko nawa gwamnati ta turo, kuma 'yan aji shida na bara nawa suka wuce gaba? Ta fuskar cuɗanya kuwa ita ce mafi ƙaranci, don sau da yawa mutanen unguwa ɗaya ne, wani lokacin ma masu fahimta ɗaya ta addini. Akan kuma karɓi ɗan abin da ake ba malaman sa-kai duk wata, a sa shi a lissafi.

Mutanen bakin kogin Haɗeja, irin su Auyo, Miga, Kafin Hausa da Guri, suna da ƙarin abin tunani. A ambaliyar 2022 makarantu da yawa ruwa ya shige su, waɗanda ke kan tudu kuma suka zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. A can, kafin a ce gari ko ƙauye, a fara tambaya ko hanyar tana biyuwa a Agusta da Satumba.

To ina za a kai yaron? Ga inda na tsaya. Ɗan shekara shida ba shi da abin da zai samu a tafiyar kilomita biyar don ya je ya zauna a bayan yara ɗari. Idan firamaren garinku tana da malamai aƙalla biyu mazauna garin da kwamiti mai motsi, a bar shi nan daga aji ɗaya zuwa uku, inda za a san sunansa, a riƙe hannunsa ya koyi baƙi da wasali. Idan ya kai aji huɗu, ƙafarsa ta yi ƙwari, ya iya keke, cunkoson santaral ya fara sauka, lokacin ne canji ke da riba: malamai sun fi yawa, gasa ta fi zafi, kuma yana sabawa da garin da zai yi ƙaramar sakandare. Idan kuwa firamaren ƙauyen malami ɗaya gare ta, to cunkoson gari ya fi ɗakin da babu kowa a gaban allo, a daure a kai shi, a roƙi malama ta zaunar da shi gaba, a kuma samu wani a gida da zai riƙa duba littafinsa da dare. 'Ya mace kuma hanya da ban-ɗaki su ne kan gaba. In babu ayarin 'yan mata da za su tafi tare su dawo tare, Islamiyya mai isassun malaman boko ta fi, domin makarantar da za ta kammala ta fi wadda za a cire ta a aji huɗu.

Kafin a yanke, a je a gani da ido, kuma ba ranar da aka sanar ba. A je ranar kasuwa, bayan an dawo daga tara, wajen ƙarfe sha ɗaya. A gaisa da hedimasta yadda ya kamata, a nemi izinin zagayawa, a ƙirga azuzuwan da ke da malami a ciki a wannan lokacin. A karɓi littafin wani ɗan aji uku a buɗe, a ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. Sannan a roƙi a kira yaro ɗaya daga tsakiyar aji huɗu, ba wanda malam zai zaɓa ba, a rubuta masa jimla biyu da Hausa a takarda, irin "Inna ta aike ni kasuwa in sayo gishiri", a ce ya karanta. Hedimastan da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, shi da kansa zai kira yaron.

Wanda ya shirya canja wa ɗansa makaranta a aji huɗu ya fara maganar tun zango na uku na aji uku, ya karɓi takardar canji da sakamakon yaron daga tsohon hedimasta, don kada a je santaral a ce babu gurbi ko a mayar da shi baya. Idan gidaje uku ko huɗu suka haɗa kai suka tura 'ya'yansu tare, hanyar ta fi aminci, kuɗin gyaran keke ya fi sauƙi, kuma yaran ba sa shiga sabon aji a matsayin baƙo ɗaya tilo.